Tayoyin Tirelar Jirgin Ruwa: Yaushe Ya Kamata A Sake Su?

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1968, daga baya kuma aka sami na Tiga da Jebba da Shiroro, ƙananan jiragen ruwa masu inji sun yawaita a wuraren da dā sai kwalekwale. Ma'aikatan kifi da 'yan sandan ruwa da masu aikin ceto da wasu attajirai sukan ɗauki jirginsu daga wani tafki zuwa wani a bisa ƙaramar tirela, watau wani amalanken ƙarfe mai ƙafa biyu ko huɗu wanda ake ɗaurawa a bayan mota. An shirya wannan bayani ne domin masu irin wannan tirela da direbobin da ke jan ta, don su san lokacin da ya wajaba a kawar da tsofaffin tayoyi tun ba su jawo asarar rai ko dukiya ba.

Shekaru ake dubawa, ba zane ba

Galibin direbobi sun saba da cewa taya ba ta mutu ba sai ta suɗe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga motar haya wadda ke bisa hanya kullum. Amma tirelar jirgi dabam take. Takan yi wata da watanni a ajiye, sa'an nan a fito da ita rana ɗaya a aza mata kaya mai nauyi. Saboda haka zanen tayarta yakan zauna raɗau kamar sabo, alhali kuwa robar ta riga ta mutu.

Dalili shi ne, masu ƙera taya sukan cuɗa robar da wani irin kakin magani mai kāre ta daga rana da iska. Idan taya tana juyawa tana lanƙwasa, maganin yana tasowa daga ciki ya rufe bayanta. Idan kuwa aka bar ta wuri ɗaya, na saman ya ƙare, na cikin bai taso ba, sai roba ta bushe ta soma tsagewa. Zafi yana gaggauta wannan lalacewa ƙwarai, ga shi kuwa a bazara zafin ƙasar Yawuri da kewayen Kainji yakan haura digiri 40.

Shekara nawa ke nan?

Shawarar da masana suka fi bayarwa game da tayoyin tirela ita ce a sake su tsakanin shekara uku zuwa biyar, kome kyaun zanensu. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yi wa jama'a gargaɗi cewa shekara huɗu daga ranar ƙira su ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuma ya ce tayar da ta shekara biyar tana aiki lalle ne gwani ya riƙa duba ta kowace shekara, wadda ta kai shekara goma kuwa a kawar da ita ko da ba a ga aibinta ba. Shekara goman nan iyaka ce ta ƙarshe, ba abin da za a sa a gaba ba. Ga tirelar da ke kwana a rana a ƙasa mai zafi irin tamu, mafi aminci shi ne kada a bari taya ta wuce shekara huɗu.

Yadda ake gane shekarun taya

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta. A nemi inda aka rubuta harufan DOT, a bi layin har ƙarshe, za a tarar da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobin uku ne kurum, to an ƙera tayar tun kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan hanya. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga wannan lamba, don haka in ba a gan ta a waje ba, sai a leƙa ta ciki.

Wannan dubawa ta ƙara zama wajibi tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Nijeriya a 2008. Tayar da aka kawo daga ƙasashen waje tana iya daɗewa a ɗakin ajiya kafin ta iso hannun mai saye. Kada a karɓi wadda ta wuce shekara guda da ƙira in akwai wadda ta fi ta sabunta. Tayoyin gwanjo kuwa suna cikin kayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da su, arharsu kuma ba ta kai kuɗin jirgin da za a aza musu ba.

Alamun da ba a jira da su

Akwai alamun da in an gan su, sai a cire taya nan take ko da shekararta ɗaya:

1. Tsage-tsage a gefen taya ko a cikin ramukan zane, kamar faso a dunduniya.
2. Kumburi ko ƙullutu, alamar zaren ciki ya tsinke.
3. Zane ya suɗe har zurfinsa ya kasa milimita 1.6.
4. Gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. A nan sai a sa makaniki ya duba gindin ƙafar, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta cinye.
5. Iska tana yawan sauka ba tare da an ga ƙusa ba.

In za a sake, a sake duka na layi ɗaya tare, iri ɗaya, girma ɗaya. Kada a manta da safaya, gama ita ma tsufa take yi ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A nemi tayoyin da aka yi musamman domin tirela, waɗanda lambarsu ke farawa da harufan ST. Gefensu ya fi na ƙaramar mota ƙarfi, kuma yawancinsu ba a yi su don gudun da ya wuce kilomita 105 a awa ba.

Yadda za a sa su kai wa'adinsu

Ƙarancin iska shi ne babban makashin tayar tirela, domin taya mai laushi tana lanƙwasa fiye da kima, ta ɗau zafi, ta fashe. A auna iska da geji kafin kowace tafiya, da safe tun taya tana da sanyi. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. An rubuta iyakar iska da iyakar nauyi a gefen tayar. Wajen lissafin nauyi a haɗa da inji da jarkokin fetur da koma da duk abin da aka zuba a cikin jirgin.

In an iso bakin ruwa, a dakata kamar minti goma sha biyar ƙafafu su huce kafin a tura tirela ciki, don boris mai zafi yakan zuƙi ruwa ya ɓata giris. Waɗanda ke aiki a ruwan gishiri, kamar na Ikko, su wanke ƙafafun da ruwan daɗi bayan an fito. In za a daɗe ba a yi tafiya ba, a ɗaga tirelar bisa katako, a lulluɓe tayoyin da tamfol ko buhu, kada kuma a shafa musu baƙin mai ko gas don su yi ƙyalli, gama mai yana cin roba.

Kira ga jama'a

Tirela mai ƙafa biyu in tayarta ɗaya ta fashe ana cikin gudu, tana iya fizgar motar da ke janta ta kai ta cikin daji ko gaban wata mota. Har wa yau, a lokacin ambaliya irin wadda ta auka wa Lakwaja a 2012 da 2022, jirgin ceton da ya maƙale a hanya saboda taya daidai yake da babu. Don haka ana roƙon kowane mai tirela da kowane shugaban ma'aikata ya duba lambobin tayoyinsa a wannan mako, ya rubuta shekarar kowace a littafi tare da shekarar da za a sake ta, ya kuma tanadi kuɗinta tun kafin damina. Rigakafi ya fi magani.