Manhajar Lissafi Kyauta Ce, Amma Wace Kwamfuta Za Ta Ɗauke Ta?

 A yau za mu leƙa unguwar La Guillotière da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, domin duba wata matsala da ɗaliban lissafi da na injiniya a Kano da Zariya da Maraɗi suka sani sarai: ga manhajar lissafi nan kyauta a intanet, amma ta ƙi zama a kwamfutar da ke hannunka. Sai ku gyara zama.

La Guillotière tana gabas da kogin Rhône, da zarar ka haye gada daga tsakiyar birni ka shigo ta. Unguwar baƙi ce tun fil azal. Italiyawa sun zauna a cikinta, sannan mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya, da 'yan Asiya, da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma. A bakin kogin akwai gine-ginen jami'o'in Liyon ta 2 da ta 3, don haka ɗalibai ba sa yankewa. A wani ƙaramin titi mai suna Jangot ne ƙungiyar Framasoft ta kafa ofishinta. Wani malamin lissafi, Alexis Kauffmann, shi ya fara wannan tafiya a shekarar 2001, yana tattara manhajojin da malamai za su iya amfani da su ba tare da sayen lasisi ba. A 2005 suka fito da Framakey, wato filas da aka loda wa irin waɗannan manhajoji, ka soka shi a kwamfuta mai Windows ka yi aikinka, ka zare ka tafi da abinka. Kusa da unguwar kuma, a zauren Rancy, an shafe shekaru ana taron shekara-shekara na masu buɗaɗɗun manhajoji, inda mutum kan zo da kwamfutarsa 'yan sa-kai su taya shi ɗora mata Linux.

To me ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja? Ita ce wadda aka bar rubutun umarninta a fili, kowa na da izinin karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. A fagen lissafi wannan ya wuce maganar kuɗi. Masanin lissafi ba ya karɓar wata ƙa'ida sai an baje masa hujjarta ya bi layi-layi. Idan kuwa amsar ta fito ne daga manhajar da aka kulle cikinta, ta yaya zai tabbatar babu kuskure a hanya?

Wannan damuwa ce ta sa William Stein, wani malamin lissafi Ba'amurke, ya fito da Sage a 2005, wadda yanzu ake kira SageMath. Burinsa shi ne a samu madadin manhajojin kuɗi guda huɗu: Magma da Maple da Mathematica da MATLAB. Bai fara daga tushe ba. Ya tattaro abin da masana suka riga suka gina, kamar PARI/GP da aka fara a birnin Bordeaux, da GAP, da Maxima, da Singular, manhajoji wajen ɗari, ya ɗinke su da yaren kwamfuta na Python.

A nan ne gizo ke saƙar. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja da ke tafiyar da ita, ko Windows, ko Linux, ko macOS ta kamfanin Apple. Ita ke buɗe fayil, ita ke raba ma'adana, ita ke ba kowane aiki lokacinsa. Galibin waɗancan manhajoji an rubuta su ne a jami'o'i, a kan kwamfutoci 'yan gidan Unix, gidan da Linux da macOS suka bi tsarinsa. Windows kuwa tsarinta daban ne. Kamar dai yadda kayan gyaran Fijo ba sa shiga Toyota, haka umarnin da aka rubuta wa Unix yake cijewa a Windows. Ga shi kuma mafi yawan kwamfutocin ɗalibanmu, musamman 'yan Beljiyam da ake saya a kasuwa, da Windows suke zuwa.

Masana sun gwada hanyoyi da dama. Ta farko ita ce a ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutar gaske, da manhaja irin VirtualBox, a saka mata Linux da Sage. Tana aiki, sai dai tana cin ma'adana, ƙaramar kwamfuta kuma sai ta riƙa jan ƙafa.

Hanya ta biyu daga yankin Paris aka ƙarfafa ta. Tsakanin 2015 da 2019 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna OpenDreamKit, ƙarƙashin jagorancin Nicolas Thiéry na Jami'ar Paris-Sud da ke Orsay. A cikin shirin aka yi amfani da Cygwin, manhajar da ke yi wa Windows tafintan umarnin Unix, har aka samar da Sage da za a iya ɗorawa kai tsaye. Wannan hanya ta taimaki mutane da yawa, amma kula da ita aiki ne ja, daga baya aka daina.

Abin da ya maye gurbinta daga kamfanin Microsoft mai Windows kansa ya fito. A 2016 kamfanin ya ƙara wa Windows 10 wani sashe mai suna WSL, wanda ke ba Linux masauki a cikin Windows. A yau wannan ita ce hanyar da masu kula da Sage ke nuna wa mai Windows: ka kunna WSL, ka ɗora Linux samfurin Ubuntu a ciki, sannan ka ɗora Sage. Akwai kuma CoCalc, da Stein ya buɗe a 2013 da sunan SageMathCloud, inda za ka yi lissafinka a intanet ba tare da ɗora komai ba. Amma wannan sai mai wadatar data da tsayayyar wuta.

Hanyar da ta fi dacewa da yanayinmu kuwa, a maƙwabtanmu aka gwada ta. A 2012 cibiyar CIMPA, mai shirya tarukan horar da masu binciken lissafi a ƙasashe masu tasowa, ta yi zama a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Wani masani Bafaranshe, Thierry Monteil, ya haɗa filas mai ɗauke da Linux samfurin Debian da Sage a ciki. Ka soka, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin, ka yi aiki ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Babban abin sha'awar shi ne filas ɗin na iya kwafar kansa zuwa wani filas. Mutum ɗaya ya sauko da shi, aji guda ya samu.

Masu sauraro, ba kowane ɗalibi ke buƙatar Sage ba. Xcas, da Bernard Parisse ya rubuta a Grenoble, da Scilab da ta fito daga cibiyar bincike ta INRIA, da Maxima, da GNU Octave mai kama da MATLAB, duk suna zama a Windows lafiya lau. Littafin koyon Sage da Paul Zimmermann da abokan aikinsa suka fitar da Faransanci a 2013, aka kuma fitar da na Ingilishi a 2018, ana saukar da shi kyauta. Ɗalibin Yamai da na Sakkwato kowa na da nasa.

Akwai kuma dalilin gaggawa. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A shekarar ce hukumar birnin Liyon ta sanar da cewa za ta riƙa komawa Linux da buɗaɗɗun manhajoji a ofisoshinta. Tsohuwar kwamfutar da Windows ta yi wa girma, sau da yawa Linux na tafiyar da ita ba gargada.

Don haka kiranmu ga sassan lissafi na Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da Abdu Mumuni ta Yamai: a ware rana guda a farkon kowane zangon karatu, ɗalibai su zo da kwamfutocinsu, waɗanda suka iya su taya sauran ɗorawa. A ajiye filas a ofishin sashe. Malamai su riƙa ba da aikin gida da manhajar da kowane ɗalibi zai mallaka ta halal, a raba yaranmu da kwafen sata mai ɗauke da cutar kwamfuta. Kai kuma ɗalibi, kafin ka taɓa komai, ka kwafe fayilolinka a wani wuri, sannan ka nemi wanda ya riga ka sani ya zauna da kai.