Fure da Manzanninsa

Duk wanda ya tsaya ya yi tadabburi a kan furanni zai tarar cewa launinsu, da ƙamshinsu, da sa'ar da suke buɗewa, ba ado ba ne kurum, kowannensu hikima ce ta isar da garin namijin fure zuwa ga macensa, domin in ba a yi wannan barbara ba, ba 'ya'ya, ba iri. Da yake tsiro ba ya tashi daga inda aka dasa shi, tilas ya nemi manzo, kuma siffar fure ita ke shaida ko wane ne manzon.

Masara da gero iska suka wakilta, saboda haka ba su ɓata ƙarfinsu wajen launi ko ruwan zaƙi ba. Namijin masara yana can ƙololuwa yana zubar da gari mara nauyi, mai yawan gaske, macen kuwa ta miƙo gemunta daga jikin goyon, kowane sili guda na ƙwaya guda ne. Silin da gari bai sauka a kansa ba, gurbinsa ne kake gani a wofi ranar da ka ɓare masarar.

Kabewa kuwa ƙudan zuma ta dogara gare su, shi ya sa furenta yake rawaya, mai faɗin baki, yana buɗewa da sassafe sa'ad da zuma ke fita kiwo, ya kuma ajiye ruwan zaƙinsa can ƙasa, ta yadda ba za ta kai gare shi ba sai ta goge jikinta da gari, wanda za ta kai wa furen mace a gaba ba da saninta ba.

Amma abin al'ajabi yana ga kuka da ɗorawa, waɗanda manzonsu jemage ne. Furen kuka fari ne fat, domin farin abu shi ake gani cikin duhu. Yana buɗewa da almuru, yana da wari mai ƙarfi wanda ɗan Adam ba ya so amma jemage ke bi, yana kuma reto a kan dogon mariƙi nesa da rassa, don mai fiffike ya iso ba tare da ya sarƙe ba. Kafin kwana guda ya cika kuwa, ya yanƙwane. Haka jan furen ɗorawa yake lilo kamar tuntun hula a lokacin rani, kuma a ƙasar Ghana ne masana Baker da Harris suka bayyana ziyarar jemagu gare shi a 1957.

Dabino, da yake namiji daban mace daban, manoman Bilma da Timia ba sa bar wa iska al'amarinsa. Sukan hau su cusa reshen furen namiji cikin na mace, aikin da mutanen Madina ke yi tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Saboda haka wajibi ne manomi ya yi hattara da feshin magani sa'ad da gona ke fure, kada kuma a riƙa kashe jemagu a banza, gama daddawa da 'ya'yan kuka suna cikin abin da ake samu ta dalilinsu.