Manhajojin haɗa kiɗa na kyauta: Dalilin da ya sa ake neman a buɗe tushensu

Masu ɗakunan ɗaukar waƙa a birnin Sakkwato, kamar takwarorinsu na Kano da Kaduna, sun dogara da kwamfuta wajen haɗa kiɗa. Tsadar lasisin manyan manhajoji irin su FL Studio, wanda ake biya da dala, kan sa mai ƙaramin jari ya koma ga na kyauta. Sai dai akwai bambanci tsakanin manhajar kyauta da buɗaɗɗiyar manhaja.

A ta farko, mai ita ya yarda a yi amfani da ita ba biya, amma ya riƙe tushenta, wato ainihin rubutun umarnin da aka gina ta da shi. Ranar da ya gaji ko ya rasu, babu mai iya gyara ta. Idan aka sabunta Windows ta daina aiki, waƙoƙin da aka fara haɗawa a cikinta na iya maƙalewa har abada.

Tarihin Jeskola Buzz ya isa misali. A shekarar 2000 ma'ajiyar kwamfutar mai ita, Oskari Tammelin ɗan ƙasar Finland, ta lalace, tushen manhajar ya salwanta. Aiki bai sake ɗorewa a kanta ba sai a 2008.

ModPlug Tracker kuwa, wadda Olivier Lapicque ya fitar kyauta a 1997, ta tsira saboda ya buɗe tushenta a 2004. 'Yan sa kai suka karɓe ta da sunan OpenMPT, kuma har yau ana sabunta ta. Haka ma Surge, manhajar ƙirƙirar sauti da a da ake sayarwa: Claes Johanson ya sake ta a 2018 ƙarƙashin lasisin GPL, ta zama Surge XT.

Buɗewar na da cikas. Wani lokaci akwai sassan da mallakin wani kamfani ne, dole a cire su tukuna. Sannan idan babu masu kula, buɗaɗɗen tushe ma kan zama kufai.

Ga Sakkwato, batun ya wuce na arha. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa, gwanin kotso, kuma Salihu Jankiɗi ya yi tashe da taushi a fadar Sarkin Musulmi, tana da sautukan da masu ƙera manhajojin Turai ba su yi tanadinsu ba. Kotso da kalangu na sauya murya gwargwadon matsa tsarkiya, abin da madannan fiyano ba sa kwaikwaya yadda ya kamata. Buɗaɗɗiyar manhaja na bai wa kowa damar ƙara irin waɗannan sautuka, da fassara ta zuwa Hausa.

Wannan aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya ɗauka tare da makaɗan gargajiya, tun da sauran masu riƙe da fasahar a raye.