Sharuɗɗan Shiga da Kare ko Kyanwa Wata Ƙasa: Daga Tandjouaré zuwa Ƙetare

1.0 Gabatarwa

Tandjouaré gari ne a arewacin Togo, kudu kaɗan da Dapaong, a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode, ta kai Cinkassé a bakin iyakar Burkina Faso. Akwai Hausawa 'yan kasuwa a zangon Sokode da na Dapaong, waɗanda ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sun san takardun mutum da na kaya da na shanu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kare da kyanwa ma suna da nasu takardun, kuma haɗa su yakan fi neman biza ɗaukar lokaci. Wannan takarda za ta bayyana sharuɗɗan, da dalilin da ya sa aka gindaya su.

2.0 Tushen Sharuɗɗan

Kusan dukan sharuɗɗan cuta ɗaya ce ta haife su, wato ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta wurin cizo ko yakushi, sannan ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kare ne sanadin kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa.

Wahalar ita ce cutar tana da ɓoyo. Yawanci takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta nuna kanta, wani lokaci ma har shekara. Saboda haka kare yana iya isa filin jirgin sama yana kaɗa wutsiya, lafiya lau a ido, alhali yana ɗauke da ita. A shekarar 2004 an shigar da wani ɗan kwikwiyo Faransa daga Maroko ta ɓarauniyar hanya. Ya zaga yankin Bordeaux kafin ya mutu, gwaji kuma ya tabbatar yana da cutar. Sai da hukuma ta yi ta cigiyar mutanen da suka taɓa shi domin a yi musu allura.

3.0 Sharuɗɗan Tarayyar Turai

Tarayyar Turai ta kasa ƙasashen duniya gida biyu: waɗanda ta gamsu da yadda suka shawo kan cutar, da waɗanda ba ta gamsu ba. Togo da Gana da Nijeriya da Nijar suna cikin kashi na biyu. Mai son shiga da kare ko kyanwa daga waɗannan ƙasashe dole ya bi matakai huɗu, kuma a jere.

Na farko, shaida. Likitan dabbobi zai sa wa dabbar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ake kira maikurocif. Tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, kuma wannan lamba ce za ta fito a kan kowace takarda. Dole a sa ta kafin allura, ko a rana ɗaya, don kada a yi wa wannan kare allura a tafi da wancan.

Na biyu, allurar riga-kafi. Ba a karɓar ta sai an yi ta bayan dabbar ta cika mako 12 da haihuwa.

Na uku, gwajin jini. Bayan aƙalla kwana 30 da yin allura, sai a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, domin a ga ko allurar ta kama. Ma'aunin garkuwar da ake nema shi ne 0.5 ko fiye. Ko sakamako ya yi kyau, sai an jira wata uku daga ranar ɗibar jinin. Wannan jira shi ne ginshiƙin tsarin, domin allura ba ta da tabbas a kan dabbar da ta riga ta kamu. Idan akwai cutar a ɓoye, ana so ta fito tun dabbar tana gida.

Na huɗu, takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati. Kwana 10 kawai take aiki kafin a isa mashigar Turai. Mutum ɗaya kuwa ba ya wuce dabba biyar, in ba haka ba a ɗauke shi ɗan kasuwa.

A ɗauki misalin kwikwiyon da aka haifa a Tandjouaré a farkon Janairu. Ba za a yi masa allura ba sai ƙarshen Maris, a ɗebi jini a ƙarshen Afrilu, a jira har ƙarshen Yuli. Wata bakwai ke nan. Daga nan kuma akwai tafiyar fiye da kilomita 600 daga Dapaong zuwa filin jirgin saman Lome, cikin kwana goman nan na takarda. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, ana iya mayar da dabbarsa inda ta fito, ko a killace ta da kuɗinsa, ko ma a kashe ta idan babu wata mafita.

4.0 Ingila da Amurka

Ingila ta daɗe tana killace duk kare da kyanwar da suka shigo har wata shida. Ta fara sassautawa a shekarar 2000, sannan a 2012 ta koma kan tsarin allura da gwajin jini.

Amurka kuwa ƙara tsanantawa ta yi. A 2021 ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 da cutar ta yi ƙamari. Daga 1 ga Agusta 2024 kuma, kowane kare sai ya kai wata shida, yana da maikurocif, an kuma cike masa fom a intanet. Wanda aka yi wa allura a ƙasa irin Togo sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin duba dabbobi na musamman, in kuma ba shi da gwajin jini a killace shi kwana 28. Ba a tsananta wa kyanwa haka ba, ko da yake ana duba lafiyarta.

5.0 Kammalawa

A ƙauyukan Tandjouaré, kamar a ƙasar Hausa, gadi da farauta ne aikin kare, kyanwa kuma ta kama ɓera. Kaɗan ne daga cikinsu za su taɓa shiga jirgi. Duk da haka allurar da ake nema a Paris ita ce za ta kare yaron da ke wasa da kwikwiyo a ƙofar gida, domin kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya cije shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti nan take. Mai shirin tafiya da dabba kuma ya nemi likita tun da sauran wata bakwai, domin ba a fafe gora ranar tafiya.