Mai Shiru-shiru Ba Mai Girman Kai Ba Ne

Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da irinsa ba. Yaro ne da in an yi baƙi zai durƙusa ya gaishe su, ya sulale ɗaki. Ko matar da za ta je gidan biki ta samu lungu ta zauna, kafin a fara kiɗan ƙwarya ta ja mayafinta ta yi gida. Nan da nan sai a yanke musu hukunci: "miskili ne", "ji da kai gare ta", "ba a san cikinsa ba".

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin irin waɗannan mutane. A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya bambanta masu karkata hankalinsu ga jama'a da masu karkata shi ga tunanin zuci. Daga baya Hans Eysenck a Ingila ya ce ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru dama a farke take, shi ya sa hayaniyar da ke wartsakar da wani take gajiyar da shi.

Jerome Kagan na Jami'ar Harvard kuwa jarirai 'yan wata huɗu ya gwada. Kusan ɗaya cikin biyar na tsandara kuka da wutsil-wutsil da zarar an nuna musu baƙon abu. Da aka bi sawunsu, da yawansu sun taso masu taka-tsantsan a gaban baƙi. Ashe akwai halitta a ciki, tsawa ba ta kankare ta.

Sai dai shiru suna ya tara. Mai jin kunya yana son shiga mutane, tsoron abin da za a ce ne ke riƙe shi. Mai shiru na halitta ba tsoro yake ji ba, abokai biyu ko uku sun wadace shi. Na ukun shi ne abin lura: wanda aka sani da fara'a ya tsuke bakinsa rana tsaka, ya rage cin abinci, barci ya ƙaurace masa. Wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma asibiti ya kamata a nufa.

Iyaye da malamai, ku daina kunyata yaro a gaban mutane don ya yi magana. Ku tambaye shi a keɓe, ku ba shi lokacin amsawa. Wanda kuma ya sauya hali farat ɗaya, ku zauna da shi ku ji damuwarsa tun kafin abin ya yi nisa.