Tsohuwar kwamfuta ta ƙi sabuntawa: wadda ke gyaruwa da wadda aka rufe wa ƙofa

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na wata-wata, bayan shekara goma yana yin hakan kyauta. Kwamfutar ba ta mutu a ranar ba. Tana kunnuwa, Word yana buɗewa, ana kallon fim kamar kullum. Abin da ya sauya shi ne, duk ƙofar da masu kutse suka gano daga wannan rana, babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman da za mu zo kansa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin galibin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai, ƴan kasuwa da masu shagunan buga takardu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Da yawansu ma ƴan uwa ne da ke ci-rani suka aiko da su. To yanzu da kamfanoni a can ke sauya injinan da ba su iya ɗaukar Windows 11, ba sai an faɗa ba, wani kaso na abin da suka ajiye nan zai sauka.

Idan kwamfuta ta ƙi karɓar sabuntawa, abin da masu gyara ke kira mizajur, ciwon iri biyu ne. Akwai wanda ke gyaruwa cikin awa guda ba tare da an kashe ko dala ba. Akwai kuma wanda kamfanin ne da kansa ya rufe ƙofa, ko an kwana ana dannawa babu abin da zai sauko. Yawancin kuɗin da mutane ke asara wajen gyara, rashin bambance waɗannan biyun ne ke jawo shi.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. Ƙaramin allo zai fito ya gaya maka wace Windows ce a kan injin da kuma lambar zubinta. In Windows 10 ce, zubin ƙarshe shi ne 22H2, wanda ya fito a 2022. Duk wanda ya ga 1909 ko 20H2 ko 21H1, to nasa ya daɗe da fita daga kulawa tun kafin 2025, kuma aikinsa na farko shi ne ya hau 22H2.

Daga nan sai ka duba agogo. Abin zai ba wasu dariya, amma a tsofaffin injina yana cikin manyan masu laifi. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta. In ya mutu, sai ta farka tana zaton shekarun baya ake, rumbun Microsoft kuma ba ya yarda da injin da kwanan watansa bai daidaita ba. Lambar kuskure 0x80072F8F sau da yawa wannan take nufi. Gyara kwanan wata, ka sake gwadawa, sannan ka sauya batirin.

Lambar 0x80070070 kuwa cewa take diski ya cika. Ƙananan kwamfutocin nan masu giga 32 ko 64 sun fi fama da ita. Kwashe bidiyo da hotuna zuwa wani wuri, ka share tarkacen da Windows ta tara ta hanyar Nettoyage de disque, in dai injinka da Faransanci yake magana kamar yawancin namu.

Inda aka fi shan wahala shi ne sabuntawar da ta karye a tsakiyar hanya. Forfe ya ƙare ana cikin saukewa, ko wuta ta ɗauke alhali batirin kwamfutar ya riga ya mutu. Sai guntun fayil ya zauna a ciki, kullum Windows ta koma kansa ta sake faɗuwa. Maganinsa a tsayar da hidimar Windows Update, a sauya sunan jakar SoftwareDistribution da ke cikin C:\Windows, a sake kunna injin. Windows za ta buɗe sabuwar jaka ta fara saukewa daga farko. In lambar 0x80073712 ta fito, wato fayilolin tsarin ne da kansu suka lalace. A buɗe allon umarni da ikon mai gudanarwa, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama a bi shi da sfc /scannow. Na farkon yana bukatar intanet, kuma yakan tsaya a wuri guda kamar ya sanƙare. Ba sanƙarewa ba ce, a ƙyale shi.

Haƙurin nan yana da muhimmanci. Kwamfuta mai tsohon diski mai juyawa tana iya kwashe awa biyu ko uku kan sabuntawa guda. Mai gaggawa sai ya danne maɓallin wuta ya kashe ta, garin neman ƙiba ya samo rama. In har ta riga ta faru, injin ya ƙi tashi, Windows da kanta takan buɗe allon ceto bayan ta kasa tashi sau biyu a jere, kuma a can akwai zaɓin cire sabuntawar ƙarshe. A gwada wannan kafin a yarda a goge komai. Kuma kafin duk wani gyara, a kwafe takardu a filashi, musamman ɗalibin da kundin kammala karatunsa ke ciki.

Ƙofar da aka rufe

Windows 11 ta fito ne ranar 5 ga Oktoban 2021 da sharuɗɗan da suka bar miliyoyin injina masu lafiya a baya. Tana son RAM giga 4, diski giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Sharaɗin furosesa shi ne ya fi kayar da injinan da ke kasuwanninmu.

Amma kafin ka yanke ƙauna, rubuta tpm.msc a wancan allon na Windows da R. Wasu kwamfutocin suna da TPM, kashe shi kawai aka yi a cikin BIOS, inda yake ɗauke da sunan PTT a injinan Intel ko fTPM a na AMD. Kunna shi aikin minti biyar ne, kuma injin da aka ce bai cancanta ba sai ya cancanta.

Wanda nasa bai kai ba, Microsoft ta buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda ke ba Windows 10 gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ana shiga ta hanya uku: biyan dalar Amurka 30, wajen jaka 17 ke nan na sefa, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta ga wanda ya yarda a adana saitunan injinsa a asusun Microsoft. Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Jamus da sauran ƙasashen Tarayyar Turai sun samu sassauci, asusun kawai ake nema a wurinsu. Sai dai dole Windows ɗin ta kasance 22H2 mai lasisi na gaskiya. Nan ne da yawa za su yi tuntuɓe, domin ba kowane mai sayarwa ke gaya maka irin Windows ɗin da ya ɗora maka ba.

Windows 11 ta ƙarfi da yaji

Kusan kowane mai gyara ya san Rufus, ƙaramar manhajar kyauta da ke haɗa filashin girka Windows, kuma tana da wurin da ake cire sharaɗin TPM. Hanyar tana aiki, babu musu. A kan injin ƙarni na 6 ko na 7 mai RAM giga 8 da diskin SSD, Windows 11 tana tafiya lafiya lau. Abin da ba a cika gaya wa mai kwamfuta ba shi ne, Microsoft ta faɗa a fili cewa irin wannan injin ba shi da haƙƙin samun sabuntawa. A aikace gyaran wata-wata yakan zo, amma babban zubin shekara ba ya saukowa da kansa, alhali kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake kula da shi. Zubin 23H2 ya ƙare a Nuwamban 2025, 24H2 kuma zai ƙare a Oktoban 2026. Ke nan wanda aka ɗora wa Windows 11 ta wannan hanya zai riƙa komawa shago lokaci-lokaci, ko ya zauna da Windows 11 da ba ta fi tsohuwar Windows 10 tsaro ba. Duk wanda zai bi hanyar ya san da haka tun farko, ya kuma tuna kwana goma kawai ake ba shi ya koma baya in abin bai yi ba.

Akwai kuma iyakar da ko Rufus ba ta tsallakewa. Daga zubin 24H2, Windows 11 ba ta tashi sam a kan furosesar da ba ta da umarnin SSE4.2, irin su Core 2 Duo. Wanda ya karɓi kuɗinka kan zai ɗora ta a irin wannan injin, tsohon zubi zai ba ka.

Masu Windows 7 labarinsu gajere ne. An daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 kuma a Janairun 2023, kuma Chrome ya tsaya musu a lamba 109. Irin wannan injin zai iya ci gaba da buga takardu a shago in an raba shi da intanet, amma ba wurin buɗe imel ko asusun banki ba ne. Masu ganin abin wasa ne su tuna da WannaCry, ƙwayar cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila, ta wata ƙofa da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama.

A ganina, injin da ya haura shekara goma ya fi dacewa da Linux. Linux Mint 22 kyauta ce, tana tafiya da RAM giga 2 duk da cewa 4 ya fi, tana magana da Faransanci, kuma za a kula da ita har 2029. Akwai ma Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa kai a Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsofaffin injina. Ana iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa diski ba. Amma gaskiya, Word da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, LibreOffice kuma wani lokacin yakan ɗan karkatar da tsarin takarda, sannan ba kowace na'urar buga takarda ke yarda ba. Mai shago ya gwada tasa tukuna.

Ga mai saye da mai aikowa

Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya nufin komai. Lambar da ke bin sa ita ce magana: i5-6300U ƙarni na 6 ne, ba ya cikin jerin Windows 11, i5-8250U kuwa na 8 ne, yana ciki. HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460 na ƙarni na 6 ne. ThinkPad T480 galibi na 8 ne, amma an fitar da wasu da furosesar ƙarni na 7, don haka sunan samfurin ma bai isa ba. Ganin Windows 11 a kan allo a kasuwa ba shaida ba ce, tunda mun ga yadda ake ɗora ta. Buɗe Paramètres, ka shiga Système, ka karanta lambar furosesar da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

Wanda ke waje kuma yana shirin aiko wa ƙane ko ɗiya kwamfutar da wurin aikinsa ya sallama, ya tabbatar an cire kalmar sirrin BIOS kuma an fitar da injin daga rajistar kamfanin tun yana can. In ta iso Maraɗi a kulle, ba kowane mai gyara ke iya buɗe ta ba.