Aikin gira: jita-jitar jinyar gida da gaskiyar magana

A tsofaffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Dundaye, manya sun san tsohuwar nan mai matsefata ɗaure a bakin zane. Jikarta ce ke zaunar da ita a hasken hantsi, ta ɗaga mata fatar ido, ta tsige gashin da ya juya ciki yana gogar ƙwayar. Wannan shi ne gira, ƙarshen amosanin ido. Ƙwayar cuta ce ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗawa tun ana yara, ta yi ta dawowa har cikin fatar ido ya yi tabo ya lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce makantar wannan ciwo takan kama mata har ninki huɗu na maza, mai yiwuwa domin su ne kullum tare da yara.

Maganin ƙaramin aiki ne, kuma ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana tallafa wa yin sa kyauta a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Amma tsoro da ƙa'idojin da 'yan dubiya ke ƙirƙira sun fi aikin kansa wahalar da mutane.

Babbar ƙarya ita ce wai ana ƙwaƙulo idon a wanke a mayar. Ko kusa. Ba a taɓa ƙwayar ido. Har wani ɗan faifan ƙarfe ake sawa ya kare ta. Ana kashe wurin da allura, a tsaga fatar, a juyo bakinta waje, a ɗinke. Mutum na farke, minti 20 ko makamancin haka an gama ido ɗaya, kuma galibi ma'aikacin jinyar ido da aka horar ne ke yi. Ranar ake komawa gida, washegari a cire bandeji.

Sai masu cewa a kulle mai jinya a ɗaki mai duhu kwana arba'in kamar mai jego, ba wanka, ba sujada, ba tauna mai ƙarfi. Wannan ya fi kama da ƙa'idojin aikin yanar ido, inda ake shiga cikin ƙwayar, kuma ko can ɗin an yi ƙari. Mai aikin gira na iya cin tuwonsa da furarsa da namansa, ya yi wanka muddin ruwan sabulu bai shiga raunin ba. Malaman Malikiyya sun yarda a yi shafa a kan bandeji wajen alwala, kuma wanda sunkuyo ke sa wa idonsa zogi a kwanakin farko yana da damar yin salla a zaune.

Inda jita-jitar ta dace da gaskiya shi ne batun hayaƙi da ƙura. Matar da aka yi wa aiki yau, gobe ta durƙusa tana hura itace a murhu, za ta yi ta hawaye, kuma mai hawaye sai ya murza ido. Haka hawa kabu-kabu cikin ƙurar hunturu ba tabarau. Mako guda wata ta riƙe mata girki da shara ba gata ba ne, cikin magani yake.

Abin da ya fi ɓata aiki kuwa shi ne abin da ake ɗigawa. Wannan ta kawo nonon mai shayarwa, waccan zuma, wani ruwan sukari ko jiƙon ganye, wata kuma ta ce a rambaɗa tozali ya “janye zafin”. Duk da kyakkyawar niyya ake kawowa, kuma duk ƙwayoyin cuta suke kai wa sabon rauni. Tozalin ma wani yana ɗauke da dalma, ga tsinken da gida guda ke karɓa-karɓa da shi. Abin da ya halatta shi ne wanda aka bayar a wurin aikin: man ido na tetracycline, ko ƙwayar azithromycin da ake sha sau ɗaya, da farasitamol idan akwai ciwo. A wanke hannu da sabulu, a ja fatar ƙasa kaɗan, a matsa man ba tare da bakin robar ya taɓa ido ba. Kwantsa kuma a share ta da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce.

“Ai gashin dawowa yake yi,” in ji wasu. Akwai ƙanshin gaskiya. Yakan dawo wa wasu, musamman wanda ya jira har tabon ya yi tsanani, amma mafi yawa sukan rabu da shi. Haka zancen cewa gani zai dawo garau: zogi da hawaye da gudun haske suna raguwa, wasu ma ganinsu na ɗan ƙaruwa, sai dai hakiyar da gashi ya riga ya yi wa baƙin ido ba ta gogewa da wannan aiki.

Kumburi da ɗan taruwar jini a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Jinin da ya ƙi tsayawa, mugunya, ciwon da ke ƙaruwa, raguwar gani, ko idon da ba ya rufuwa lokacin barci, waɗannan ba sa jiran ranar komawa da aka rubuta, a garzaya asibiti. Sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan cikin garin Sakkwato.

Zaren ɗinki, in ba mai narkewa ba ne, ana cire shi bayan mako ɗaya zuwa biyu, kuma wanda ya sa shi ne zai cire, ba wanzami ba. Da yawa da zarar sun ji sauƙi sai su ƙi komawa. Zaren da aka bari yakan haifar da ɗan jan tsiro a cikin fatar ido, wanda ake cirewa cikin 'yan mintoci idan an kai shi. Akwai kuma dubawa ta ƙarshe tsakanin wata uku zuwa shida, don a ga ko wani gashi ya sake juyawa.